Hanyar Masu Yawo Ta Bi Ta Gonar Manomi: Wa Zai Biya Ɓarna?

A yammacin ƙasar Wales ta Birtaniya akwai wani lardi da ake kira Pembrokeshire, teku ta kewaye shi ta gefe uku. Mutanen wurin manoma ne da makiyaya. Suna kiwon tumaki da shanun madara, suna kuma noman dankalin Turawa mai nuna da wuri, domin sanyi bai cika tsanani a bakin tekun nan ba. Gonakinsu sun kai har gaɓar dutse, inda in mutum ya leƙa ƙasa ba ya ganin kome sai ruwa.

A 1952 Gwamnati ta keɓe bakin tekun ya zama wurin shaƙatawa na ƙasa. Amma fa ba ta ƙwace gonar kowa ba, yawancin filin yana hannun masu shi har yau. Daga nan aka shiga neman hanyar ƙafa wadda za ta bi gaɓar teku tun daga St Dogmaels a arewa har Amroth a kudu, tafiyar mil 186. Ba a buɗe ta ba sai 1970. Abin da ya ja lokaci kuwa shi ne bin masu gonaki ɗaya bayan ɗaya ana roƙo ana ciniki. A 2012 aka haɗa ta da sauran hanyoyin bakin teku na Wales, tsawonsu duka mil 870.

Mutumin birni kan ɗauki jaka da sanda ya yi kwana goma sha biyu ko fiye yana tafiya, ba fatauci ba, ba ziyara ba, shan iska kawai. Wannan ruwansa. Abin da ya shafi manomi shi ne abin da baƙon ke bari a bayansa. Wani ya buɗe ƙyaure ya wuce bai rufe ba, shanu su fita su shiga shukar maƙwabci. Wani ya yar da kwalba ko leda, maraƙi ya haɗiye. Mafi muni shi ne kare. Karen Bature ɗan gida ne, a ɗaki yake kwana, mai shi kuwa zai rantse bai taɓa cizon kowa ba. To, ba sai ya ciji tunkiya ba. In ya kore ta tana da ciki sai ta yi ɓari, in kuma a bakin gaɓa ne ta faɗa teku. Kashin kare ma yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai sa saniya ɓari. Tun 1953 akwai doka a kan karen da ya far wa dabbobi, amma kafin manomi ya iso daga wancan gefen gona, kare da ubangijinsa sun yi nisa.

Sabo da haka waɗansu manoma suka ce gara a toshe hanyar kowa ya huta. Wannan magana an gwada ta, ba da niyya ba. A 2001 ciwon dabbobi na baki da kofato ya ɓarke a Birtaniya, aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6, aka rufe hanyoyin ƙafa na karkara don kada takalmi ya ɗauki cuta daga gona zuwa gona. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai ga masu masauki da masu kantuna da masu sayar da abinci a ƙauyuka sun zauna ba ciniki, asararsu har ta zarce ta manoma. Da yawa cikinsu kuwa matan manoma ne masu ba da hayar ɗaki, da 'ya'yansu masu aiki a gidajen abinci. Ashe mai yawon nan da ake tsaki da shi, shi ne mai sayen madara da ƙwai da nama.

Watau hanya ta zauna, toshe ta ba magani ba ne. Amma akwai rashin adalci guda wanda masu yabon hanyar ba su cika faɗa ba. Wanda aka taka wa gona da wanda kuɗi suka shiga aljihunsa, sau da yawa ba mutum ɗaya ba ne. Mai otal a cikin gari ya ci riba, manomin da ke can nesa da titi, wanda ba shi da ɗakin haya, shi aka bari da gawar tunkiya. Ga kuma teku tana cin gaɓa. Duk sa'ad da wani yanki ya zaftare sai a matso da hanya ciki, cikin kuwa gonarsa ce. Lalle ya kamata ƙyaure mai rufe kansa, da waya, da diyyar ƙasar da aka ci su fito daga asusun hukuma, tun da jama'a ke morar wurin. Kare kuma a riƙe shi da igiya duk inda akwai dabba.

Wuraren zama a ci abinci a fili, waɗanda dokar 1968 ta ba ƙananan hukumomi ikon kafawa, abin da ya kamata manomi ya yi maraba da su ne. Yawancin baƙi ba tafiyar mil ashirin ta kawo su ba. Wurin ajiye mota suke so, da tebur, da makewayi. In an tanadar musu, can za su taru da yaransu, sharar ma ta taru wuri ɗaya. In ba a tanada ba, su shimfiɗa tabarma cikin ciyawar da manomi ke jira ya yanka.

Hukuma ma tana bukatar manomin, ko da ba ta cika faɗa da ƙarfi ba. Inda aka janye dabbobi daga gangaren gaɓa, ƙaya da sarƙaƙiya sun rufe wurin, furanni sun ragu, haka nan wani tsuntsu ɗan'uwan hankaka mai jan baki da jan ƙafa, wanda ba ya samun abinci sai a gajeren ciyawa. Dole aka koma ana neman manoma su mai da shanu da ƙananan dawaki su yi kiwo a wurin, hukuma tana taimaka musu da shinge da ruwan sha.