Gansakuka mai guba ta kashe kogin Darling, mu yi hattara da namu

Tsakanin Disambar 2018 da Janairun 2019, kifaye kusan miliyan ɗaya suka mutu a kogin Darling, kusa da garin Menindee a jihar New South Wales ta ƙasar Ostireliya. Mutanen garin sun wayi gari suka tarar da saman ruwa ya yi fari fat da mushen kifi, ciki har da manyan kifayen Murray cod da suka kwashe gomman shekaru a kogin, irin waɗanda sai ƙato ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga ɗaya.

Gansakuka ce ta fara wannan ɓarna, amma ba irin wadda muka saba gani a jikin randa ba. Wannan ƙwayoyin bakteriya ne masu launin shuɗi-shuɗi da kore, kuma abu uku suke so: zafi, ruwan da ya daina gudu, da sinadaran takin zamani da na bahaya da ke kwarara cikin kogi. Da sun samu, sai su rufe ruwa kamar an zuba koren fenti. A Menindee, bayan tsananin zafi sai sanyi ya sauko kwatsam, gansakukar ta mutu ta fara ruɓewa, ruɓewar ta cinye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifaye suka shaƙe. Wasu nau'o'inta kuma suna fitar da guba mai lalata hanta ko jijiyoyi, kuma tafasa ruwan ba ya kashe gubar hantar nan. A 2020, gwamnatin Botswana ta ce gubar irin wannan gansakuka ce ta kashe giwaye sama da 300 a yankin Okavango.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne an ga alama tun da wuri. A 1991 gansakuka ta rufe kogin na Darling tsawon kilomita kusan 1,000, har jihar ta kafa dokar ta-ɓaci. Duk da haka aka ci gaba da janye ruwa daga sassan kogin na sama domin noman rani, musamman na auduga. Kwamitin masana na Australian Academy of Science ya bincika mutuwar kifayen a 2019, ya ce fari ya taka rawa, amma yawan ɗibar ruwa ya hana kogin gudu. Muna ganin laifin na hukumomi ne da suka raba ruwa ga manoma suka manta da rabon kogin kansa.

Mu ma ba mu tsira ba. Madatsun Tiga da Challawa sun rage ruwan da ke isa fadamun Hadejia da Nguru, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, taki na gangarowa daga gonakin rani, ga zafin bazara. Masunta da makiyaya ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu.

Muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ta riƙa sakin ruwa isasshe a lokacin rani, ta kuma riƙa gwada ruwan madatsu tana sanar da jama'a sakamako. Makiyayin da ya ga ruwa ya yi kore kamar fenti yana wari, ya kora shanunsa gaba, ya kai rahoto wurin mai unguwa.