A Tsananta Gwajin Direbobi Kafin Ba Da Lasin

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga jami'an VIO masu gwada direbobi.

Ni manomi ne, ina kai rogo Katsina daga Batsari. Hanyarmu ba tagwaye ba ce, saboda haka duk direban da ya bar hannunsa don ya wuce mota, hannun masu tahowa ya shiga. Ƙa'ida ita ce ya duba madubi, ya sa sigina, ya tabbata gaba ba kowa, kuma ban da wucewa a kwana ko kan tudu.

Ranar wata Alhamis bayan kasuwa ta tashi, yaron da ya ɗauko mu ya fita haka kawai, saura ƙiris mu yi taho-mu-gama da babbar mota. Da na yi masa faɗa, wai shi lasinsa aiko masa aka yi, bai taɓa zuwa gwaji ba.

Jama'a, tara ba ta dawo da rai. Kowa ya zo gwaji da kansa, wanda ya sauya hannu ba madubi ba sigina a kayar da shi, ya koma ya koyo. Allah Ya kiyaye mu, amin.

Naku,
Wani manomi,
Batsari, Jihar Katsina.