Kwatano, Ƙofar Nijar Zuwa Teku

Duk wanda ya taɓa sayen buhun shinkafa a Maraɗi ko Damagaram yana da dalilin sanin birnin Kwatano, ko da bai taɓa ganin teku ba. Nijar ba ta da gaɓar teku. Shekaru da yawa a nan aka riƙa sauke mafi yawan kayan da take shigowa da su, daga nan kuma gyaɗa da uraniyom suka riƙa fita.

Asalinsa ƙauyen masunta ne ƙarƙashin sarakunan Dahomai. A harshen Fon sunan yana nufin bakin kogin mutuwa. Faransawa sun ce an ba su wurin bisa yarjejeniyar 1868 da ta 1878. Sarki Behanzin bai yarda ba, ya yaƙe su, sai a 1894 ya miƙa wuya. A 1965 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa. Porto-Novo ce hedkwatar Benin a takarda, amma ma'aikatu da dukiya suna Kwatano.

Bahaushe ba baƙo ba ne a can. A unguwar Zango zai ji Hausa, ya samu masallaci da tuwo. Abin takaici, ƴan kasuwa da yawa sun yi ta zuwa ba su san kome ba sai tasha da ofishin duwan. Ga Ganbiye kusa, garin da aka gina bisa ruwan tabkin Nokuwe, inda ake cin kasuwa cikin kwalekwale. Ga Wida, wajen kilomita 40, inda aka riƙa loda bayi zuwa ƙasashen Amurka. Ɗan makaranta ya cancanci ya ga wannan da idonsa.

Sai dai zumunta a ƙafa take, hanyar kuwa gurguwa ce. Layin dogo ya iso Paraku tun 1936, a nan ya tsaya. Sauran tafiyar sai manyan motoci. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, aka yi bukinsa a 2016, bai haɗu da shi ba. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, tafiya ta yi tsawo, talaka ne ya biya a kasuwa.

Neman wasu ƙofofi daidai ne. Amma hukumomin ƙasashen biyu su tuna, Kwatano ce mafi kusa da Yamai, bututun man Agadem ma a gaɓar Benin ya ƙare. Maganar dogon Paraku zuwa Doso ta isa a sake ɗauko ta.