Ramin Scofield: Wa Ya Kashe 'Yan Gidan Luoma?

Duk lokacin da talaka ya mutu a bakin aiki, akwai kalmar da masu dukiya ke gaggawar ɗaukowa, wato "hatsari". Kalma ce mai daɗin faɗa, domin ba ta nuna kowa da yatsa. Ni kuwa ina ganin abin da ya faru a garin Scofield na jihar Utah ta Amurka, ranar 1 ga Mayu, 1900, bai cancanci wannan suna ba.

Mu fara da mutumin da ke cikin ramin. A wancan zamani ƙasar Finland tana ƙarƙashin sarkin Rasha, kuma a yankunan karkara irin su Ostrobothnia saurayin da bai gaji gona ba ba shi da makoma. Sai ya shiga jirgin ruwa a Hanko, ya sauka a Hull ta Ingila, ya hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, daga nan ya ƙetare teku. Bai iya Turanci ba, amma kamfanin haƙar kwal ba bakinsa yake buƙata ba, ƙarfinsa yake so. Ana biyansa gwargwadon nauyin kwal ɗin da ya fitar. Gidan da yake kwana na kamfani ne, kantin da yake cin bashi ma na kamfani ne.

Haka samarin gidan Luoma suka rayu a mahaƙar Winter Quarters ta kamfanin Pleasant Valley. Da suka ga sun ɗan samu wurin zama, sai suka aika wa tsofaffin iyayensu su taho su huta a gabansu. Watanni kaɗan da isowar tsofaffin, da misalin ƙarfe 10 da rabi na safe, rami na 4 ya fashe. Albarushin fasa dutse ne ya kunna ƙurar kwal da ke cikin ramin. Da yawa daga waɗanda ke rami na 1, wanda yake haɗe da shi, wuta ba ta taɓa su ba. Iskar gubar da ta biyo baya ce ta shaƙe su. Maza tara daga dangin Luoma suka mutu a wannan safiya.

Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 200 ne suka halaka, sama da 60 daga cikinsu 'yan Finland, wasu kuma sun ce adadin ya kai 246. Mai karatu ya tsaya a kan wannan saɓani. Kamfanin da yake auna kwal ɗin kowane ma'aikaci a kan sikeli kafin ya biya shi, shi ne aka kasa samun tabbacin mutum nawa ya tura ƙarƙashin ƙasa. Abin da mutum ya damu da shi, shi yake ƙirgawa.

Masu kare kamfanin suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ce ana lissafa mahaƙar cikin mafi aminci a yankin, kuma kamfanin ya ba iyalin kowane mamaci dala 500, ya sayi akwatunan gawa, ya yafe bashin kanti. Duk gaskiya ne. Sai dai kyauta bayan mutuwa ba ta amsa tambayar da ke gabanta. Ƙurar da ta tashi ba ma'aikaci ne ke da ikon jiƙa ta ko share ta daga dukan ramin ba. Wannan nauyi yana wuyan mai ramin. Dala 500 kuɗin ta'aziyya ne, ba hukunci ba, kuma ba a hukunta kowa ba. Kafin watan Mayu ya ƙare, an koma aiki.

Mafi muni, an juya kan 'yan Finland da zargin cewa sun ƙi taimakawa wajen fito da gawawwaki. Baƙon da ba ya jin harshen gari, wanda ya rasa 'yan uwansa a sa'a guda, shi aka ɗora wa abin kunya. Jifa ta wuce kan mai ramin, ta faɗa kan wanda ba shi da bakin kare kansa.

Idan kuwa wani ya ce ai ba a san haɗarin ƙura ba sai ranar, to me zai ce game da Castle Gate? A wannan gunduma ta Carbon, ranar 8 ga Maris, 1924, wani ramin kwal ya sake fashewa, ya ci rayuka sama da 170. Shekara 24 tsakani, ga kaburburan Scofield a kusa suna shaida.

Saboda haka ni ba zan ce tsautsayi ne ya ci 'yan gidan Luoma ba. Lissafi ne ya ci su: kiyaye rami yana da tsada, wani saurayin kuma yana kan hanya daga Hanko.