Konkur na shiga aikin gwamnati: a gyara ƙofa, a gyara rabo

Duk lokacin da gwamnati ta ba da sanarwar buɗe konkur, sai layi ya cika ƙofar kotu da ta magajin gari: wannan na neman takardar ɗan ƙasa, wancan na neman kaziye. Iyaye kan sayar da akuya ko buhun gero domin kuɗin tambur da na mota. Kafin a zauna jarrabawar kuwa, jita-jita ta riga ta zagaye tasha cewa an gama rabon guraben. Ko zancen gaskiya ne ko ƙarya, yardar da jama'a ke yi masa ita kanta ciwo ce.

Ciwon yana da tarihi. A da, wanda ya gama karatu yakan sami aiki kai tsaye. Tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da FMI, tun shekarun 1980, ya ƙuntata wannan ƙofa. Taron Ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da yawa, sai dai tare da su aka samu rabon muƙamai ta hanyar da ƴan Nijar suka laƙaba wa suna PAC, wato dangi, abokai da sanayya. A 2016 an soke konkur na ɗaukar ma'aikatan lafiya bayan binciken hukumar HALCIA ya gano maguɗi. Waɗanda suka ci da guminsu sun yi asara tare da waɗanda suka saya.

Yau ra'ayi ya rabu biyu. Wasu na cewa a bar maki shi kaɗai ya yi hukunci. Wasu na cewa a ware wa kowace jiha kasonta, domin ɗan Yamai mai littattafai da wutar lantarki ba ɗaya yake da ɗan ƙauyen Tanut da ya yi karatu a ajin zana ba. Hujjarsu tana da nauyi: ƙidayar 2012 ta nuna Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace ta haura mutum miliyan 3, alhali Yamai ba ta wuce miliyan 1 da ƴan kai ba.

Amma wannan jarida ba ta goyon bayan kason jiha. Ranar da takardar haihuwa ta zama ita ke ba da gurbi, za a fara sayen takardar haihuwa. Sannan ɓangaranci, wanda ya sha lalata zaɓe a ƙasar nan, zai samu gindin zama cikin doka. Majinyaci a Dakwaro bai damu da garin likita ba, so yake ya warke.

Inda rashin adalci ya fi tsanani shi ne bayan an ci, wajen afektasiyo. Mai uwa a gindin murhu yakan tsaya Yamai, marar gata a tura shi Bilma ko Gigimi a manta da shi. Wani kuma ya karɓi lambar aiki, ya yi wata uku a ƙauye, sai takardar sauyi ta fito.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A bayyana yawan gurabe da wurin kowane gurbi tun kafin jarrabawa. A zauna ta a babban birnin kowace jiha cikin takwas, rana ɗaya, takardu ba suna sai lamba. A liƙa makin kowa a bango, a ba wanda bai gamsu ba damar ganin takardarsa. Sannan waɗanda suka ci su zaɓi wurin aiki a bainar jama'a, na ɗaya kafin na biyu, kowa ya sa hannu kan shekarun da zai yi kafin neman sauyi. Wanda ya je nesa a ƙara masa alawus, a gaggauta masa ƙarin girma.

Ɗan kasuwa kada ya ce wannan rigimar ƴan boko ce. Jami'in duwan ko na lampo da ya sayi gurbinsa, a kan kayan fatake zai mayar da kuɗinsa. Ma'aikata da ƙungiyoyinsu kuma su sani, albashi ba ya sayen mutunci idan jama'a na zargin ƙofar da aka shigo. Ya rage wa ma'aikatar da ke kula da ma'aikatan gwamnati ta rubuta waɗannan ƙa'idoji cikin doka kafin konkur mai zuwa.