Mai Kai Akuya Mai Majina Kasuwa, Ka Ji Tsoron Allah

Kai da ka wayi gari ka tarar da akuyarka ta takure a gindin danga, hanci na zubar da majina, ido ya cika da kwantsa, ta ƙi ko kallon dusa, sai ka share mata hanci da tsumma, ka aza ta bisa babur ka nufi kasuwar Boɗinga tun da sassafe, da kai nake. Ka san abin da ka ɗauko. Dillalin da ya karɓi igiyar ma ya sani, la'adarsa ce ta rufe masa baki.

Ciwon nan da likitocin dabbobi ke kira PPR ba baƙo ba ne. Tun 1942 aka fara gano shi a ƙasar Kwaddibuwa, kuma ƙwayarsa dangin ƙyanda ce, dangin ciwon bushiya da ya taɓa cinye shanun kakanninmu. Yakan yi kwana huɗu zuwa shida a jikin dabba bai nuna kansa ba, sannan zazzaɓi, gyambo a baki, tari, da zawo mai wari. A garken da bai taɓa ganin allura ba, yana iya kwashe mafi yawansu. Ta numfashi da majina yake bi, ta kwamin ruwa da kwanon dusa. Wato akuyar da ka ɗaure cikin kara rabin yini ta gama raba wa na kusa da ita, kafin la'asar an loda su mota, wasu Sifawa, wasu Kajiji, wasu cikin garin Shagari.

Wa ya saya? Galibi matar aure ce da ta yi wata da watanni tana zubin adashe, ko gwauruwa mai marayu, ta aiki ɗanta ya sayo mata uwar kiwo. Jar akuyar nan ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, ita ce asusun mace a karkara: kuɗin magani, kayan ɗakin ɗiya, hatsin damina idan rumbu ya ƙare. Ta haɗa sabuwa da tsofaffin, mako biyu turke ya koma wayam. Kai kuwa kana gida kana murna ka rabu da ƙaya. Wannan algus ne, ba dabara ba. Manzon Allah (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwamutsa su da masu lafiya, balle ka sayar ka ɓoye aibi, har ka haɗa da rantsuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ciwon yana da rigakafi, kuma ba daga nesa ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, kuma daga ƙwayar da aka samo a Nijeriya a 1975 aka sarrafa ta. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Da allura aka ga bayan bushiya a duniya a 2011, wannan ma an sa masa wa'adin 2030. Amma malamin dabbobi zai zo ƙofar mai gari, ka kora awakinka daji, wai allura na zubar da ciki. In ciwo ya shigo sai ka ruga ka sayo kafso ka ɗura. Kafso bai kashe wannan ƙwaya.

Sarakunan kara da shugabannin dillalai, ku ma ba ku fita ba. Kuna gane marar lafiya tun daga tafiyarta, ku mayar da ita daga bakin ƙofa. Mai saye, ka ware sabuwar dabba mako uku kafin ka haɗa ta da garke. Kai kuma mai akuyar, ɗaure ta gefe, ka raba mata kwanon ruwa, ka kira malamin dabbobi yau, kada ka bari sai ranar kasuwa.