Bishiyar da Ba a Sa a Samfuri Ba, Gatari Ne Rabonta

Maƙalar wannan makon a kan wani ƙaramin abu ce da tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba: 'yar bishiyar nan da ake kafawa a cikin samfurin gini ko samfurin layin dogo. Na san wani zai ce marubucin nan ya rasa abin faɗa. A yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, sannan a yanke hukunci.

A ƙasashen Turai akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur, su kewaye su da tashoshi da gonaki da tuddai da dazuzzuka. Mafi girman irin wannan wuri yana birnin Hambug na ƙasar Jamus, sunansa Miniatur Wunderland, an buɗe shi a 2001. Ma'aunin da suke aiki da shi 1:87 ne, wato abin da ya kai mita 87 a zahiri, a wurinsu mita 1 ne. Mutum yakan koma kamar santimita 2, bishiya mai mita 20 ta koma santimita 23. Ƙananan bishiyoyin da ke wurin sun haura 100,000. Abin lura shi ne kowane yanki da irin itatuwansa. Ɓangaren Suwizalan yana da na tsaunukan ƙanƙara, ɓangaren hamadar Amurka yana da jan dutse da 'yan tsirrai jefi-jefi. Ba sa ɗaukar bishiyar wata ƙasa su dasa a wata, domin sun san da bishiya ake gane ƙasa tun kafin a karanta allon tasha.

Mu nan ba mu da wannan al'ada ta jirgin tebur, amma muna da danginta guda biyu. Na farko, yaranmu. Da zarar an gama girbi, a Ɗankaza da Darki da Utai da sauran ƙauyukan Wudil, za ka ga yaro ya zauna da kara da reza, ya fere ɓawo, ya yanka totuwa, ya fito da mota mai taya da ƙofa, wani ma da jirgi mai taragu. Na biyu, ɗaliban zanen gine-gine a jami'o'i da kwalejojin fasaha, har da Jami'ar Aliko Ɗangote da ke nan Wudil, waɗanda karatunsu ya haɗa da yin samfurin gini da kwali da gam. Akwai kuma kamfanonin sayar da gidaje da ke ajiye samfurin unguwa a cikin gilashi don jan hankalin masu saye.

To, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban irin waɗannan samfura ya tuna bishiyoyin da ya gani. Ko dai ƙwallon soso kore shar a kan tsinke, ko mai tsini kamar mazurari, irin wadda ake gani a fim ɗin Turawa cikin ƙanƙara, ko dabinon roba da aka sayo a leda. Gidan na Kano ne, masallacin na Kano ne, amma itatuwan baƙi ne. Babu kuka, babu gawo, babu ɗorawa, babu tsamiya. Ra'ayina shi ne wannan ba ƙaramin kuskuren ado ba ne. Samfuri alkawari ne. Shi ake nuna wa mai kuɗi, shi ake nuna wa gwamna, a kansa ake cewa "haka muke so." Idan filin yana da tsamiya mai shekaru aru-aru, amma ba ta fito a samfuri ba, to an riga an sare ta a kan tebur, mai gatari cika umarni kawai zai zo yi. Daga baya a kawo siririyar bishiyar adon nan da ko akuya ba za ta fake a inuwarta ba, a jera a bakin katanga, a garin da zafinsa ke kai maki 40 a watan Afrilu.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi. Ba za ka iya ƙera ƙaramar bishiya ba sai ka kalli babbar da kyau. Yawancinmu mun tashi a gindin itatuwan nan, amma a ce mu zana su daga ka, sai a ga duk iri ɗaya muke yi. Mai samfuri ba shi da wannan damar. Dole ya lura cewa kuka gindi ne da ita jibgege, rassanta gajeru kamar saiwa, kuma tsirara take yawancin rani. Dole ya san goriba takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, alhali giginya sanda ɗaya ce mai kumburi a wajen tsakiya. Ɗorawa faɗi take yi kamar laima, kuma kafin damina takan sako jajayen tutu suna reto. Tsamiya duhu ce da cunkoson ganye. Rimi dogo ne, da saiwoyi kamar bango a gindinsa. Gawo kuwa ya saɓa wa kowa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Ɗalibin da ya yi samfurin ƙauye a watan Agusta ya sa wa gawo ganye, ya tona wa kansa asiri cewa bai san gona ba.

Kuma aikin ba ya bukatar kayan waje. Tsohuwar wayar lantarki mai silli-silli ita ce ƙashin bishiya. A yanko silli kamar ashirin, a murɗe su wuri ɗaya su zama gindi, a raba sama gida uku ko huɗu a sake murɗewa, a yi ta rabawa har a kai sirara. A kwaɓa garin katako da gam ɗin kafinta, a shafe wayar, idan ya bushe sai ya ba da kaushin ɓawo. Don kuka, a yi gindin da yumɓu ko totuwar masara, a soka gajerun wayoyi a sama. Ganye kuma, a samu tsohon soson katifa a goge shi a magogin kuɓewa, a rina da fenti, a shanya, a shafa gam a rassa a barbaɗa. Soson wanka na gargajiya, idan aka yayyage shi, yana ba da laimar ɗorawa. Saiwar busasshiyar ciyawa, a juya ta sama, ta zama kuka ko gawon damina ba tare da wahala ba. Ganyen giginya da goriba takarda ce a naɗe a tsattsaga da almakashi. Ƙasa kuwa, a ɗebo ta wurin da kanta, a tankaɗe da rariya. Sirrin launi ɗaya ne: kada a yi kore iri ɗaya. A haɗa mai duhu da mai haske da ɗan ruwan ƙasa, domin itacen ƙasar Hausa ba ya rabuwa da ƙura. Sai lissafi: a ma'aunin 1:100, bishiya mai mita 15 santimita 15 ce, a 1:200 kuma santimita 7 da rabi. Yaron da ya iya wannan ya fahimci darasin ma'auni fiye da wanda ya haddace shi a allo.

Na san abin da za a ce. Na farko, ana fama da tsadar masara, wa yake ta bishiyar wasa? Gaskiya ne, ba ita ce za ta sauke farashi ba. Amma ku dubi maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon ƙone shi, abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba dashen baƙon iri ne ya yi wannan ba, sauya yadda ake kallon itacen gida ne. Duk abin da zai koya wa yaro wannan kallon yana da alaƙa da tukunyar gidansu. Ban da haka, sana'a ce. Ɗaliban da ke sayen bishiyar roba da tsada za su sayi ta gida idan akwai mai yi da kyau.

Na biyu, wasu iyaye na ƙyamar duk abin da ya yi kama da sassaƙa saboda addini. Damuwarsu abin girmamawa ce, amma malamai sun bambanta surar mai rai da ta bishiya. Sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma yin itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Wanda yake da shakka ya tambayi malaminsa.

Na uku, mai kuɗi kore yake son gani, ba busasshiyar kuka ba. To, a ba shi kore na gaskiya. Tsamiya kore ce, mangwaro kore ne, gawo kore ne a lokacin da komai ya bushe. Darbejiya ma, duk da asalinta daga ƙasar Indiya ne, ta zama 'yar gida, kuma inuwarta ta rufa wa titunanmu asiri.

Abin da ya sa maganar ta dace da yanzu shi ne layin dogo. Jirgi ya iso Kano a 1911, aka kai shi Nguru a 1930, kuma shi ya kwashi dalar gyaɗa zuwa teku. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, da reshe zuwa Dutse. Sababbin tashoshi za su jawo kasuwanni da unguwanni, kuma kowanne sai an zana shi kafin a gina. Masu zanen, yawancinsu sa'o'inmu ne. Abin da hannunsu ya saba kafawa a kan kwali, shi za su rubuta a takardar kwangila.

Don haka ga roƙona. Malaman zanen gine-gine su sharɗanta cewa duk samfuri ya nuna itatuwan da ke filin tun asali, da sunayensu na Hausa, kuma ɗalibi ya kare dalilin cire kowacce. Malaman firamare su daina korar mai motar kara daga aji, su ce masa ya ƙara mata hanya da gada da bishiyoyi uku da aka sani. Mu marubuta kuma, mu duba littattafanmu: sau nawa muke rubuta "ƙarƙashin wata bishiya" kamar ba ta da suna?

Ga ɗan aiki ga duk mai ƙane ko ɗa a gida. A hutun nan a ba shi waya da soso da gam, a ce ya yi bishiyar da ta fi kusa da ƙofar gidanku. Idan kakarsa ta kalla ta faɗi sunanta ba tare da an gaya mata ba, ya ci jarrabawa. Wanda ya gwada ya kawo mana hoto mako mai zuwa. Allah ya sa mu dace.